Muryar Mansur a Kan Ƙanƙara

Ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi, iyayena da ƙannena, da kuma Baba Fasto da ya ba ni wannan dama. Salamar Allah ta zauna tare da ku.

Don yaran da aka haifa bayan na bar garin nan, sunana Istifanus, ɗan marigayi Dauda kafinta, mijin Rifkatu da ke zaune can cikin zumuntar mata tana hararata. Da safen nan ta ce kada in zo in tsaya gaban mutane ina kuka da furfurata. To, Rifkatu, ban yi miki alkawari ba.

Ina aiki a wani asibiti a Khaibar, garin dabino ne a arewacin Madina. Aikina gashin ƙashi. Wanda ya karye ko jikinsa ya shanye, ni ake kawo wa in koya masa tafiya. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Akwai kuma wani wasa da nake yi, wanda marigayiya uwata har ta koma ga Ubangiji tana kiransa haukan Istifanus. Ƙwallon gora ne, amma a kan ƙanƙara. Ka sa takalmi mai wuƙa a ƙasa, ka riƙe sanda mai lanƙwasa, kana sulɓi kana korar wani ɗan baƙin faifan roba kamar murfin gwangwani, har ka jefa shi raga. A Rasha na koya lokacin karatu, sanyi ya hana ni tamaula, abokai suka ja ni. Na sha ƙasa ba adadi kafin ƙafata ta zauna.

Na san abin da kuke tunani. Ƙanƙara a Saudiyya? Akwai, 'yan'uwa. A Jidda, cikin wata babbar kasuwa mai rufi, an yi filin ƙanƙara, waje kuwa rana kamar ta soya ƙwai. Muna da ƙungiya a can, malamai ne da injiniyoyi da ma'aikatan banki, ba wanda ake biya ko sisi. Ran Juma'a muke karawa da wasu ƙungiyoyin irinmu. Ni ne na fi kowa tsufa, shi ya sa suke ce min Shayib, wato tsoho. Amma tsohon nan shi ke ci musu ƙwallo.

A nan na haɗu da Mansur.

Ranar farko aka yi min ƙafa na zube, ban san lokacin da na ce wayyo bayana ba. Sai ga wani baƙi kamata ya sulɓo ya tsaya a kaina, ya leƙo ta cikin hular ƙarfensa ya ce, “Sannu. Ka mutu?” Da Hausa! Dariya ta hana ni tashi.

Mansur ke nan, ɗan Madina ne, can aka haife shi, can aka haifi ubansa. Kakanninsa ne suka taka daga ƙasar Katsina zuwa aikin hajji, suka zauna. Hausa yana ji sarai, amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci, in kuwa ya matsa ya yi, sai ka rantse ɗan yaye ne ke magana. Sunana ma ya gagare shi, ya yanke shi ya koma Fanus. Musulmi ne mai riƙo da addininsa, ya kuma san ni na Yesu ne tun ranar farko. In lokacin salla ya yi a hanya, ya tsaya ya shiga masallaci, ni in saya mana shayi in jira shi. Bai taɓa sa na ji ni bare ne ba.

Gonar dabinonsu tana can bayan unguwar Awali, wajen iyakar da irina ke tsayawa, don kun san tsakiyar Madina ba wurin shigarmu ba ne. Kowace Juma'a in taso daga Khaibar in zagaye gari, in ajiye motata a gonar, mu shiga tasa mu kama hanyar Jidda. Uwarsa, Inna Rakiya, a gonar take zaune. Tsohuwa ce ƙarama, idonta ya yi rauni, amma bakinta garau. Ba ta barinmu mu tafi sai ta cusa mana dabino da gahawa a butar ƙarfe.

Yadda muke wasa ni da Mansur, ba wanda ya koya mana. Ni ƙafata ta tsufa, ba na iya tseren yara, sai in je in tsaya a bakin raga in ba filin baya, ina kokawa da masu tsaro. Shi kuma ya ɗauko faifan ta gefe. Ba na waiwaye. Sai dai in ji ya ƙwala, “Ga shi!” In sa sanda a ƙasa, faifai ya zo ya same ta, sai raga. Abokan karawarmu Larabawa ne da Turawa da 'yan Filifin, ba mai jin Hausa, har suka riƙa zuwa suna tambayarmu wace addu'a ce wannan. Shekara da shekaru muna haka.

In an tashi, kafin ya tayar da mota sai ya kira Inna ya buɗe murya. Ita ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba in ba ta cikin firji ba, wasan sulɓi take kiransa. Amma tambayarta biyu ce kullum, ba ta canzawa.

“Wa ya ci?”

“Fanus, Inna.”

“Wa ya ba shi?”

“Ni!”

Sai ta ce, “To, Allah ya yi muku albarka. Ku tuƙa a hankali.”

Wata Juma'a muna dawowa da almuru, Mansur na tuƙi, ni na kwantar da kujera ina barci. Raƙumi ya shigo titi. Wannan ma daga baya aka gaya min, ni ban ga komai ba, ban ji komai ba.

Na farka a gadon asibiti da ƙarfe a cinyata, gwiwata a ɗaure. Abin da na fara tambaya shi ne ina Mansur. Ma'aikaciyar jinyar ta kama gyara min ruwan da ake ƙara min, ta ƙi kallona. Ni ma'aikacin asibiti ne, na san ma'anar wannan gyaran ruwa.

An riga an binne shi. Tun ina kwance ban san inda kaina yake ba aka yi masa salla aka kai shi, kamar yadda addininsu ya tanada. Aka yi zaman makoki aka watse. Kabarinsa kuma yana cikin gari, inda ba zan iya zuwa in tsaya ba. Ban ga gawarsa ba, ban ga kabarinsa ba, ban ce masa sai wata rana ba. Kusa da abokina na kwanta na yi barci, na tashi babu shi. Wayyo, 'yan'uwa, abin nan ya ci ni.

Inna ta kira wayata. Ina kallon sunanta yana haske har ya mutu. Ta sake kira bayan kwana biyu, ta sake. Me zan ce mata? Ɗanta ɗaya namiji ya tafi, baƙon da ya yi barci a gefensa ya rayu. Na kasa ɗauka. Da ta gaji ta daina, sai rashin kiran ya fi kiran zafi.

Rifkatu ta yi ta roƙona a waya in tattara in dawo gida. Ku ma na san kun yi ta addu'a a ɗakin nan, an gaya min, Allah ya saka muku. Ubangiji ya ji, ƙashi ya haɗu. Abin da nake sa marasa lafiya su yi suna zagina, shi na yi wa kaina, ina cije baki. Daga keken guragu zuwa sanda biyu, daga biyu zuwa ɗaya, har na yar da ita. Bayan shekara da wani abu na sake ɗaura takalmin wuƙa.

Kuna iya cewa, mutum da furfura da ƙarfe a cinya, me ya kai shi? Zan gaya muku gaskiya. Filin nan shi kaɗai ne wurin da ya rage min da Mansur. Ba ni da kabarin da zan je. A ɗakin sauya kaya har yanzu akwai ƙusar da yake rataye rigarsa, ba wanda ya taɓa ta. In na rasa wurina a ƙungiyar nan, na rasa shi gaba ɗaya ke nan.

Na koma, amma ƙwallo ta ƙi ni.

Wasa bayan wasa, ko ɗaya. Zan je bakin raga in tsaya inda na saba, in kasa kunne. Shiru. Sai in waiwaya in ga ina faifan yake, kafin in juyo ya wuce ni, ko mai tsaro ya ɗauke. An sa wani saurayi a gurbin Mansur, Faisal, ɗan kirki, hannunsa da kyau. Yana ba ni daidai, ni ne ba na nan. Har ya zo ya tambaye ni ko in koya masa kalmar nan da marigayi ke faɗa. Na daka masa tsawa a gaban mutane, bawan Allah ya koma gefe ya yi tsuru. Abokan wasa suna ta cewa ƙafar ce ba ta gama warkewa ba, in ƙara haƙuri. Ni kuwa aikina ke nan, na san ƙafar lafiya lau take.

Kakar wasa ta yi nisa, kyaftin ɗinmu ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, sai da ya sumbaci goshina kafin ya yi magana. Ya ce yara sun yi yawa a benci suna jira, kuma ƙungiya na ta shan kashi. Zai bar ni in ƙarasa wasannin da suka rage, in abin bai canza ba, sai in dawo gefe in riƙa ba da shawara. Na ce na gode. Na shiga mota na kama hanya ni kaɗai, tun daga Jidda har Khaibar ban kunna rediyo ba.

A can babu majami'a, kuma Lahadi ranar aiki ce. Sujadata ran Juma'a da safe nake yi, ni kaɗai a ɗaki, in rufe ƙofa in yi waƙa ƙasa-ƙasa in yi karatu. Juma'ar da ta biyo baya na durƙusa, jakar wasa na bakin ƙofa, waƙa ta ƙi fitowa. Abin da ya fito faɗa ne. Baba Fasto, ka gafarce ni, amma faɗa na yi da Ubangiji.

Na ce, Ya Yesu, me na yi maka? Ka bar ni da rai don in yi me? Ka gyara ƙafa ka bar zuciya a karye, wane irin gyara ne wannan? Ko ni da nake ɗan Adam ba na sallamar mara lafiya a haka. Ka ɗauke min abokina ko sallama ba mu yi ba, yanzu ɗan wurin da nake tunawa da shi ma za ka karɓe? Na yi kuka har tabarmar ta jiƙe. Da ƙarfina ya ƙare sai na ce, to, na gaji. Ka yi yadda ka ga dama da ni, amma kada ka bar ni haka.

Ban ji wata murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Abu ɗaya ne ya zo ya zauna min a zuciya ya ƙi tashi: Inna. Ina ta kukan an hana ni zuwa kabari, ga uwarsa da rai a wurin da ba wanda ya hana ni zuwa.

Na ɗauki jaka na fita kamar mai zuwa Jidda. Da na zo mararrabar da ke shiga gonar, na karya kan mota.

Tana zaune a inuwar dabino a kan darduma, ta rame, ta ƙara ƙanƙancewa. Na yi sallama daga nesa. Ta ɗaga kai, ba ta gani sosai, amma ta ce, “Fanus ne?” Na zube a gabanta. Gaisuwar ta'aziyyar da na tsara a mota duk ta gudu, ba abin da nake iya cewa sai Inna ki yafe min.

Ta lalubo kaina ta dafa. Ta ce in yafe maka me, kai ka aiko raƙumin? Kwanansa ne ya ƙare. Sannan ta yi min faɗa sosai, irin na uwa. Ta ce rana ɗaya ta rasa 'ya'ya biyu, ɗaya Allah ya karɓa, ɗayan kuma ya ƙi ɗaukar waya. Ta sa aka kawo gahawa da dabino, ta tsare ni sai na ci.

Can ta tambaye ni wasan sulɓi. Na gaya mata komai, har maganar kyaftin. Na ce Inna, ba zan ƙara ci ba. Muryarsa nake bi, shi ke gaya min lokacin da zan sa sanda, yanzu kuwa babu muryar.

Tsohuwar nan sai ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce ashe bai taɓa gaya maka ba. Ta ce Mansur tun yana makaranta ya daina yi mata Hausa, yara sun yi masa dariya ya ji kunya, shekara da shekaru tana yi masa yana mayar mata da Larabci. Sai da ya haɗu da ni ya fara zuwa yana zama kusa da ita yana tambaya, Inna yaya ake cewa kaza, yaya ake cewa kaza. Ita ta koya masa “ga shi”. Wata rana ta tambaye shi ko kiran nan ne ke sa abokinsa ci.

Ta ce, “Ka san me ya ce min? Ya ce, Inna, Fanus ba ya bukatar kirana. Kafin in buɗe baki sandarsa na ƙasa, faifan ma ya riga ya bar hannuna. Ina faɗa ne kawai don daɗin faɗar nake ji.”

Jama'a! Na shiga tuno wasanninmu ɗaya bayan ɗaya, na ga gaskiya ne. Faifan nan gudunsa ya fi ƙiftawar ido, in da kiran nake jira da ban taɓa cin ko ɗaya ba. Jikina ya san lokacin tun da daɗewa. Shi kuwa Mansur murna yake yi, yana kiran ɗan'uwansa da harshen uwarsa a gaban duniya.

Ran nan ban je Jidda ba, a gonar na wuni. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, tun da aka kai shi, wayarta ba ta ƙara yin ƙara ran Juma'a da yamma ba, amma har yau tana ajiye ta a cinya in lokacin ya yi. Ta ce, “Ka je ka ci, ka kira ni.”

Juma'ar da ta zagayo na sami Faisal tun kafin a fara, na ba shi haƙuri. Na ce kada ya kira komai, in ya ga bayana a bakin raga ya turo kawai. Da na shiga fili na ce, Yesu, ga ni. Aka yi zubin farko na wasan, ba komai. A zubi na biyu na je na tsaya wurina, wani ƙaton mai tsaro na tura ni ta baya. Wuyana na so ya juya, na hana shi. Filin ya yi min shiru. Na sa sanda a ƙasa.

Na ji faifai ya daki sandar, na ji ihu. Raga!

Halleluya! Yara suka yo kaina, kyaftin na ta dukan hulata yana Shayib, Shayib. Ni kuwa na buɗe hannu na juya gefen dama, inda Mansur ke tahowa da gudu ya rungume ni. Ba kowa a wurin sai farar ƙanƙara. A nan na yi sallama da shi, a tsaye, cikin hular ƙarfe, mutane na tsammani kukan murna nake.

Kafin a tashi na ƙara ɗaya. Daga ranar kuma ƙofa ta buɗe, kusan kowane wasa sai na ci, har kaka ta ƙare. Kyaftin bai sake tayar da maganar benci ba, yanzu ma cewa yake ƙarfen da aka sa min ne, a sa wa kowa.

Amma ba cin ne shaidata ba. Ran nan da aka tashi na shiga mota, na zauna a kujerar direba, ta gefena ba kowa. Na kira ta. Ƙara ɗaya ta ɗauka.

“Wa ya ci?”

“Ni ne, Inna.”

Ina jin numfashinta. Na san tambayar da ke biye, ita ma ta sani, kuma bakinta ya saba, ba ta iya tsayar da shi ba.

“Wa ya ba ka?”

Muka fashe da kuka, ni a Jidda, ita a gindin dabino. Da ƙyar na ce mata wani ne, sunansa Faisal. Ta share murya ta ce, “Ka kawo min shi ya ci dabino. Allah ya yi muku albarka. Ka tuƙa a hankali, ɗana.”

'Yan'uwa, Ubangiji bai dawo min da Mansur ba. Har gobe in na wuce wurin da abin ya faru sai ƙirjina ya riƙe, kuma ƙusar nan tana nan ba riga. Ban zo in ce muku ciwon ya tafi ba. Abin da na zo faɗa shi ne, na yi faɗa da Yesu a durƙushe, bai kore ni ba. Ya ɗaga ni daga gado, ya ɗaga ni daga tabarmar nan, ya kai ni ƙofar da nake gudu, ya sa maganin a bakin tsohuwar da na kasa ɗaukar wayarta.

In akwai wanda ke zaune a nan da irin nawa, jiki ya warke amma ciki na zubar jini, kada ka yi wa Ubangiji kara. Gaya masa yadda abin yake, ko da faɗa ne, zai iya ɗauka. In kuma ya nuna maka wata ƙofa, ka je, ko ƙafarka na rawa.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu Mai Cetona, na gode muku da addu'o'inku. Ina roƙo ku riƙa tunawa da Inna Rakiya. Hutuna na ƙarewa zan koma, kuma ran Juma'a da yamma wayarta na kan cinyarta.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.